Ranar da Aka Daina Ce wa Kawu Saje

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya dawo daga yaƙin basasa da ɗingishi da lambar yabo. An ce komawa ya yi cikin ruwan harsashi ya goyo abokansa da aka harba. Shi bai cika ba da labarin ba. Amma a ƙauyenmu na gefen Tsafe, tun da na yi wayo ban ji mai kiransa da sunan yanka ba, Saje kawai. Matarsa Inna, da kunya ta hana ta faɗin sunan miji, ita ma da shi ta samu mafita: "Saje, ga tuwo."

Da 'yan bindiga suka addabi yankin, sai magana ta bazu cewa duk gidan da suka ji ƙanshin soja sai sun ƙone shi, har da na maƙwabta. Dattawan gari suka zo zauren Kawu ina zaune. Mutanen da a da ke tura shi gaba in an yi baƙi, suna tinƙaho da shi, ran nan kowa sai kallon tabarma yake. Liman ne ya yi ta maza.

"Malam, wanga suna na iya jawo muna wuta. A bar shi hakanan."

Wai Malam! Kawu ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To."

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. An ce tsoro na daji, kunya na gida, amma ran nan tsoro har zaure ya shigo ya zauna. Ba ɓarayin daji ne suka ƙwace masa sunan ba, mutanensa ne. Inna ta binne lambar a ƙarƙashin murhu. Daga nan ta rasa abin kiran mijinta, sai dai ta tsaya bakin ƙofa ta yi gyaran murya.

Duk da haka an ƙone garin. Muka kwaso Kawu da Inna zuwa Gusau, ɗaki ɗaya a bayan tasha, inda ciwo ya kwantar da shi. Na ce a raina nan dai birni ne, ba mai hana ni. Na durƙusa gabansa, na ɗaga murya yadda muke yi a da: "Ranka ya daɗe, Saje!"

Ya zabura, ya damƙi hannuna, idonsa na kan ƙofa.

"Yi kurum, ɗana. Kada ka ja ma mutane."