Waifar da Na Ba Inna Ajiya

Shekarun baya da nisa, tun ana sauran 'yan shekaru Turawa su miƙa mulki, aka ɗauke ni daga aji aka kai ni ofishin ilmi a nan Kaduna. Ƙarin girman ya zo da gida a gefen Unguwar Rimi, da kuma damar mallakar mota. Na sayi wata baƙar ƙaramar mota a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Tsohuwa ce, amma tana da tsari: ba ta mutuwa sai a gaban mutanen da nake son in burge.

Da damina ta kusa ƙarewa na lura waifar motar ta gaji. Waifa, ga wanda bai damu da mota ba, ita ce ƙarafan nan biyu masu bakin roba da ke share ruwa daga gilashin gaba. Tawa ta tsattsage, in ta wuce sai ta bar layi-layi kamar littafin 'yan aji ɗaya. Na kai kuka wajen abokina, wani akawu da ke zaune a Abakpa. Ya riga ni yin mota da 'yan watanni, saboda haka yana ganin kansa kakan direbobi.

"Shehi," haka yake kirana in zai yi mini tsiya, "shiga kasuwa ka ɗauki ko wacce. Roba ai roba ce."

Na ce masa roba suna ta tara. Ya ce to, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Malamin makaranta ba ya sayen ko allura sai ya yi nazari. Na fara da kasuwa, inda na tarar an rataye su a bakin rumfa, rana tana gasa su tun safe. In ka lanƙwasa robar sai ka ga 'yan tsage-tsage sun buɗe baki. Na wuce kantin Turawa, inda suke cikin kwali a inuwa. Na sa aka fito mini da duk wadda ke akwai. Na lanƙwasa, na saki, na ga ko za ta koma yadda take. Na bi bakin robar da yatsa ko zan ji gargada. Na ɗaga ta sama na rufe ido ɗaya kamar kafinta. Har sansana ta na yi, ko da yake ban san ƙanshin da nake nema ba. Mai kantin ya gaji ya ce, "Malam, saya za ka yi, ko aurenta ka zo nema?"

Na zaɓi mai laushi, mai miƙaƙƙen baki, wadda ƙarfenta ba ya tsatsa. A bayan kwalin an rubuta da Turanci cewa a tsare ta daga zafin rana, kuma kada mai ya taɓa ta. Na karanta, na yaba da tsarin jimlar, na jefar da kwalin.

A zamanin nan masu mota a Kaduna suna da wata al'ada. Da zarar ruwa ya ɗauke, sai kowa ya kwance waifarsa ya kai ɗaka, don ranar bazara ba ta barin roba da rai. Sai hadari ya fara haɗuwa a mayar. A gidana ɗakin da ya fi sanyi shi ne na mahaifiyata, a baya, ƙarƙashin mangwaro, kuma adakarta ce kaɗai wurin da ba mai taɓawa.

Mahaifiyata Bazazzagiya ce, 'yar gidan dukawa. Ta tashi cikin masu ɗinka fata, hannunta ya san kirgi kamar yadda nawa ya san alli. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai wannan" ne sunana a bakinta. Ba ta yabona, ba ta zama inda ake yabona. Ranar da na kawo mota maƙwabta suka cika ƙofar gida suna sa albarka, ita kuwa ta ce a tambaye ni ko amalanken nan zai riƙa tashin mutane daga barci kullum.

Kuma a lokacin ba ta gani sosai. Yanar ido ce ta rufe mata idanu a hankali, har ta kai sai da lalube take gane ƙofa. An tabbatar mini akwai asibitin ido a Kano inda ake cire irin wannan, mutum ya koma gani. Na yi mata bayani iya bayani. Har zane na yi mata a kan takarda, ga ƙwayar ido, ga yanar, ga inda haske ke shiga. Sai da na gama na tuna wadda nake nuna wa zanen. Amsarta ɗaya ce kullum: idon ya ƙare, tsufa ne, kuma ba ta kai waɗannan shekaru don wani ya sa mata wuƙa a fuska ba.

To, ita na kai wa waifar. Na ce, "Inna, a ajiye mini waɗannan a adaka. Masu tsada ne. Kada rana ta gan su, kada su bushe su tsage."

Ta shafa su daga wannan kai zuwa wancan, ta ce, "Ajiye can." Shi ke nan.

Rani ya wuce ana ta fama da maganar Kano. Mai ɗakina ta roƙe ta, ƙannena suka aiko, limamin unguwa ma ya sa baki. Daga ƙarshe ta sauko, amma da sharaɗi.

"Zan shiga amalanken. Amma in wani abu ya tsayar da mu a hanya, to Allah ne ya ce a bari. Daga ranar kada a sake tayar mini da zancen."

Na yarda, don ba ni da zaɓi. Na san ta kuwa: in ta faɗi magana, ta zauna. Na kai motar wajen makanike aka duba ta ciki da bai, na sake taya, na sayi jarkar fetur ta ko-ta-kwana. Abokina ya zo ya zagaya ta ya ce ko Gwamna sai haka.

Ranar tafiya da safe gabas ta yi baƙi. Na aika a karɓo mini ajiyata. Aka kawo su a naɗe cikin wani tsohon ɗankwali. Da na warware sai na ga suna sheƙi, sun yi laushi luɓus, har sun fi ranar da na saye su kyau. Na juya na ce wa mai ɗakina, "Kin ga amfanin nazari? Wannan shi ake kira kayan Ingila." Na ɗaura su da hannuna, ina jin daɗin kaina.

Muka tashi, ni a gaba, Inna da mai ɗakina a baya. Mun wuce Kawo kenan, gidaje sun fara ƙarewa, ruwa ya sauko. Ba yayyafi ba, irin ruwan farkon damina mai zuwa da fushi. Na murɗa makunnin waifa cikin isa.

Sharar farko, gilashin ya yi dishi-dishi. Ta biyu, ya koma fari fat. Duk wucewar da za ta yi sai ta ƙara shafe shi, kamar mai yaɓen ɗaki. Hanya ta ɓace, itatuwa suka ɓace. Wata babbar mota ta taho daga gaba, ban ga komai nata ba sai wani haske da ya bazu, da ƙaho. Na karkata gefe na taka burki.

Ruwa yana ta dukan rufin motar.

"Mun tsaya?" in ji Inna.

"Mun ɗan dakata ne, Inna."

"Tsayawa dai. To, alhamdu lillahi. Juya mu koma gida."

Na fita cikin ruwan na goge gilashin da hannun rigata. Ya ƙara lalacewa. Na dawo a jiƙe sharkaf ina zagin Ingila da mutanenta a zuci. Mai ɗakina ta kama hannun rigar ta kai hanci, ta dube ni, ta sake sansanawa.

"Malam," ta ce a hankali, "wannan fa man gyaɗa ne."

Can sai Inna ta gyara mayafi, ta juya fuska wajen taga, ta yi magana kamar da tagar take.

"An ce kada su bushe. Abin da ba a so ya bushe, ai mai ake ba shi. Duk Juma'a nake fito da su."

Duk Juma'a. Rani guda cur. Tsohuwar da ba ta ganin ƙofar ɗakinta tana lalubo adaka, ta warware ɗankwali, ta bi robar amalanken da ta raina da yatsa tana shafa mata mai, yadda aka koya mata a yi wa fatar da ake ji da ita. Ni kuma da na karanta gargaɗin, na iya yi wa duniya bayanin komai, ban ga dalilin fassara mata layi ɗaya ba.

Ta juyo daga tagar. "Kai wannan. Ni na ɓata su?"

"Roba ce, Inna, ba ta shiri da mai. Ni ne ban faɗa ba."

"Ban tambaye ka wanda bai faɗa ba. Yanzu me kake gani a gabanka?"

"Ba komai. Fari kawai. Kamar an watsa wa gilashin koko. Ina ganin haske, ina ganin abu yana motsi, amma ban san ko mene ne ba."

"Haka nake ganinka," ta ce.

Sannan ta juya ga mai ɗakina, muryarta ta koma irin ta masu ba da umarni. "Ke, akwai gida kusa? Je ki roƙo toka da ruwan zafi. In suna da lemon tsami su ba ki. Mai ba ya jin ruwan sanyi, wannan ko ɗan koyo ya sani. Shi kuma ya cire abubuwan nan kafin su ƙara."

Ruwan ya ɗan tsagaita. Matan wani gida suka ba mu toka a sakaina da ruwa a tukunya, suka leƙo ta zaure suna kallon ma'aikacin gwamnati da hularsa yana cuɗa gilashi kamar mai wanke-wanken biki. Inna tana daga ciki tana ba da darasi: a tankaɗe tokar tukuna kada ta karce, a cuɗa, a ɗauraye, a sake. Da aka matsa lemon aka yi ɗaurayar ƙarshe, sai ga hanya ta fito tar, ja wur, ta miƙe zuwa Zariya.

"Ya fita?" ta tambaya.

"Ya fita, Inna. Har ina hango wasu shanu can gaba."

"Wato hanyar tana nan dama. Ba inda ta je."

"Tana nan. Gilashin ne kawai."

Ni dai na riƙe sitiyari ina jiran hukunci, don bisa sharaɗi ta ci ni: an tsayar da mu, kuma ba wanda zai ce ba a tsaya ba.

"Juya," ta ce. Na kai hannu zan tayar da motar. "Koma kantin ka sayo wasu. Ba zan bi ka Kano da makauniyar mota ba. Makauniya ɗaya ta isa."

Mai ɗakina ta tuntsire da dariya har da hawaye, kuma ina zaton ba duka hawayen ne na dariya ba.

Mai kantin yana ganina ya ce, "Ango, ka dawo?" Wannan karon ban ɗau lokaci ba. Na kai wa Inna su cikin mota ta taɓa. Ta lanƙwasa, ta saki, ta bi bakin da farce, ta mayar da ɗaya ta ce akwai ƙari a gefenta. Na duba da kyau, akwai shi kuwa. Aka canza. Na tsaya a bakin taga na fassara mata bayan kwalin kalma bayan kalma. Ta ce Turawa da yawan magana suke.

Mun isa Kano da yamma. Aka yi aikin ido ɗaya, daga baya aka yi ɗayan, aka ba ta wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ranar da aka fara sa mata shi ina tsaye a gabanta, na shirya jin magana mai shiga zuciya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta daɗe tana kallo, sannan ta kawar da kai ta ce wa mai ɗakina, "Wa ya ba shi shawarar wannan gashin baki?"

Da muka fito ta ga motar, ta ce ashe ma ba ta kai yadda take ƙara ba.

Waifar nan ta biyu ta yi mini damina bayan damina, har abokina ya fara zargin ina sakewa a ɓoye. Da ya matsa mini in gaya masa sirrin, na ce a zaɓi mai laushi, a duba bakinta, a ɓoye ta daga rana, a riƙa goge ta da tsumma mai tsabta. Ya ce wannan ai kowa ya sani. Gaskiyarsa. Abin da ban gaya masa ba shi ne, duk ƙarshen damina Inna ce da kanta take fitowa da tabaraunta, ta tsaya a gaban motar ta ce, "Kai wannan, kwanto abubuwan nan." Ta wanke su da ruwa zalla, ta shanya a inuwa, ta naɗe a ɗankwalin nan ta sa a adaka.

Na yi motoci da dama bayan wannan, kuma har yau ba na sayen waifa sai na lanƙwasa ta, 'ya'yana suna tsaye suna jin kunya a madadina. Na koyi cewa in ka ba mutum ajiya, ka ba shi har da abin da ka sani game da ita. Sauran abin da na koya ba ya shiga darasi. Inna ta rayu shekaru masu yawa tana zura zare a allura da kanta, ta ga jikokinta ɗaya bayan ɗaya, kuma har ta koma ga Allah ba ta kama sunana ba. Ban taɓa jin ciwon haka ba. Ni dai na san abin da ake yi a ɗakin baya duk Juma'a.