Albasar Kura a Iyakar Gonarmu

Mijina, Allah ya jiƙan shi, shi ya dasa albasar kura a iyakar gonarmu ta gindin dutse, can wajen Allakaye. Haka ake yi a wurinmu. Ita ce shaidar iyaka, don bisashe ba sa cin ta, rani ba ya kashe ta. Kafin ruwan fari sai ta fiddo dogon kara mai fararen furanni.

Ɗan ƙanen mijina, mai aikin biro, wato ofis, a Madawa, yakan zo bisa moto, babur ɗin nan nasa, da abin ɗaukar foto. Ba don mu yake zuwa ba. Da bazara albasar kura, da damina furen tafasa, da kaka ƙuduji, muguwar ciyawar nan mai kashe hatsi. Har yana cewa, "Inna, kar ki tuge ta, dubi kyanta!" Kyanta! Mutumin da bai taɓa kama hauya ba. Sai ya kwanta rub da ciki, mijina, tsoho da shi, na duƙe cikin rana yana riƙe masa kara don kar iska ta kaɗa.

Da mijina ya rasu, ina cikin takaba, maƙwabcinmu na gona ya tone albasar kaf, ya shigo da shukarsa har gindin aduwa. A gaban maigari ya ce nan iyaka take tun kakanni. Na aika aka kira mai foton, hankalina kwance. Ai shekara da shekaru yana ɗaukar wurin.

Ya zo da farar riga, ya buɗe hotunan. Fure, fure, fure, kowanne ya cika hoton. Ba aduwa, ba dutse, ba ƙasa.

Maigari ya ce, "Malam, wannan a wace gona take?"

"Ranka ya daɗe, ta Baba ce."

Maƙwabcin ya yi dariya. "To, a tambayi ƙudan zuman da ke kai, ya fi ka sanin wurin."

Gefen gonar ya tafi, gefen da ya fi riƙe ruwa.

Da muka fito na ce wa mai foton, "Nuna mini baban naka, ko sau ɗaya." Ya yi ta nema. Abin da ya samu yatsu biyu ne riƙe da kara, ɗaya da tsagaggen farce. Na gane su. Yanzu ma da nake faɗa ana rubutawa, kuka nake.

Bana ya sake zuwa, wai tafasa ta yi fure. Ko ruwa ban ba shi ba.