Mikiyar da Ke Cikin Zobena

Mubi zuwa Bukula

Ƙarfe biyar na asuba na bar unguwarmu Yelwa a Mubi, zobena a ɗaure a bakin zane. Marigayi mijina Zira ne ya ba ni shi, ya ce zinariya ce ta wani gidan maƙera a birnin Faris, matar Bafaranshen da ya yi wa direba a Garwa ce ta yi masa kyauta. Ranar rabon kayansa, yayansa Tumba ya sa maƙeri ya goga zoben a dutse. Maƙerin ya ce ai zinariya ja take, wannan fari-fari ne, gami ne. Tumba ya ce a gaban dangi Zira ya yaudare ni. Na ji ciwo, na rantse sai na wanke sunan Zira.

A-kori-kura ta kai mu Sahuda kan naira biyu. Jandarma mai tsaron iyaka a Bukula ya tambayi abin da zan sayar, na ce ba komai.

Gidar zuwa Garwa

A garin Gidar na ci ƙosai da kunu a tsaye. Ƙarfe uku muka shiga Garwa, na sauka gidan ƙanwar mahaifiyata.

Washegari wani tsohon Bafaranshe mai kantin agogo ya kafa gilashi a ido, ya duba zoben ciki da waje. Da Fulatanci ya yi mini bayani: tun zamanin kakanni gidan maƙeran nan yake, uba ya bar wa ɗa, kuma da gangan suke gama zinariya da wani ƙarfe don ta yi ƙarfin riƙe duwatsu. Ya nuna mini hatiminsu daga ciki, da kan mikiya ƙanƙane kamar ƙwayar gero, shaidar hukumar ƙasarsu cewa zinariya ce ta gaske. Ya taya zoben. Na ce gilashin na zo saya, ni kam.

Gida

Ran Lahadi, ana fitowa daga coci, na danƙa wa Tumba gilashin da zoben.

"Duba da kanka, Yaya."

Ya juya, ya sake juyawa, sannan ya ce a hankali, "Akwai tsuntsu."

"Ɗaga murya. Da ƙarfi ka faɗi wancan."

Ya ɗaga. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Gilashin na bar masa.