Haƙurin Kawu Khalilu

Kawu Khalilu ƙanen mahaifiyata ne. A Gadarif ta Sudan aka haife shi, aka zo da shi Madina a goye, ya girma a unguwar Azizya. Tun da ya gama makaranta yake kula da kwamfutocin wani kamfanin masaukin baƙi a Anbariyya. Mutum ne mai jira. A layin burodi yakan yi ta barin mutane suna wuce shi, har mai burodin ya gaji ya miƙo masa nasa ta saman kawunansu.

Kamfanin yana amfani da wata manhaja ta kyauta, irin wadda kowa zai iya ƙara mata gyara idan masu kula da ita sun yarda. Aikinta ta yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, ta raba wa kwamfutoci da yawa, sannan ta haɗa amsoshinsu. In ɗaya ta yi jinkiri, sai a ɗauka ta mutu, a ba wata rabonta. Wannan ya dami Kawu. Shekarun baya ya aika musu ɗan gyara: wani suna da ake saita wa manhajar kafin ta tashi, a sa masa lamba, lambar ta faɗi tsawon lokacin da za a jira mai jinkiri. In an sa sifili, jiran ba shi da iyaka. Suka karɓa. Sunan na Turanci ne, dogo, da manyan baƙaƙe. A gida Haƙuri muke ce masa.

Shi kaɗai ne abin da Kawu ya taɓa yi wanda ya fita daga Madina, kuma yana ji da shi.

Wata safiya bayan an sabunta manhajar, sai ga gargaɗi a allo: wannan suna ya tsufa, an samar da sabuwar hanya, za a goge shi nan gaba. Kawu ya dawo gida ya ƙi cin abinci.

"Abu Haisam, an kore ka daga shugul ɗin kamfanin ne?" in ji matarsa, Anti Najwa.

"Haƙuri za su goge."

"To ka yi haƙuri mana."

"Shi ɗin ne za su goge, Najwa."

Ya rubuta wa masu kula da manhajar. Suka amsa cikin ladabi cewa in akwai mutum ko ɗaya da yake dogara da sunan da gaske, ya fito ya yi magana. Kawu ya duba. Kamfaninsu ma ya riga ya koma sabuwar hanya, kuma da hannunsa ya mayar da su, bisa umarnin mudir, shugaban kamfanin.

Sai ya shiga dangi yana karɓar tsofaffin kwamfutoci. Ya ɗauke su ya kai shagon Ammi Osman, wani dattijo ɗan Chadi mai sayar da dabino a unguwar Aƙiƙ, ya jera su a kan kanta tsakanin kwalayen dabinon ajwa. Aikinsu duka shi ne su haɗu su fitar da fatura, wato takardar ciniki. Ɗaya daga cikinsu, wadda 'yar uwata Raudatu ta yi jami'a da ita, fankarta ta lalace. Da ta ji zafi sai ta yi lamo kamar akuya a inuwa. Kawu ya sa sifili, sauran suka zauna jiranta.

"Ɗana, da alƙalami da tuni na gama," in ji Ammi Osman.

"Ammi, ai ba ta mutu ba. Tunani take."

Mai saye ba ya tafiya bai karɓi fatura ba, Ammi Osman kuma ba ya iya kallon mutum a tsaye hannu wofi. Sai ya zuba gahawa, ya miƙa dabino a ɗanɗana. Wanda ya zo sayen ajwa ya ɗanɗana dabinon sukkari, ya ce a ƙara masa. Ƙarin kuwa yana buƙatar sabuwar fatura. Akwai wani alhaji da ya shigo da hantsi, sai kiran azahar ne ya fitar da shi, da kwalaye har haɓa.

Da Kawu ya nemi shaida, Ammi Osman ya yi saƙon murya da Hausa gauraye da Larabci, aka ba ni na fassara. Rabin saƙon gaisuwa ce ga masu manhajar da iyayensu. Sauran rabin ya ce duk wanda ya taɓa wannan suna ya taɓa abincin iyalinsa.

Masu kula da manhajar suka yi ta muhawara. Wani ya tambaya ko wasa ake yi, Kawu ya aika hoton kantar. A ƙarshe suka yanke cewa sunan zai zauna da gargaɗinsa muddin shagon yana amfani da shi, kuma duk ƙorafin da ya taso a kansa Khalilu ne zai amsa.

Don murna, Kawu ya bi ta shagon ranar Juma'a ya sa wa kwamfutar Raudatu sabuwar fanka, tukuici.

Washegari ƙorafin farko ya iso, a jawwal ɗinsa, wato wayarsa ta hannu.

"Wa ya ce ka yi mata magani?" in ji Ammi Osman. "Fatura tana fita kafin in ɗaga butar gahawa. Ba wanda ya zauna yau. In haka ne, zo ka kwashe kayanka, alƙalamina yana nan."

Kawu ya nemi izini a wurin aiki, ya hau taksi zuwa Aƙiƙ. Ya cire sabuwar fankar, ya mayar da kwamfutar bakin taga inda rana ke bugawa, ya lulluɓe ta da tawul. Wata mata ta sayi rabin kilo. Kawu da Ammi Osman suka zuba wa allo ido, ba abin da ya fito.

"Alhamdu lillahi," in ji Ammi Osman. "Hajiya, ga kujera."