Sunan da Yaya Atiku Bai Kira Ba

Shekara ashirin da shida yayana Atiku ya yi yana gyaran gadajen jirgin ƙasa na dare a Paris, bai taɓa kwana a kan ko ɗaya ba. Da asuba yake barin gidansa a La Courneuve, ya je inda ake ajiye jiragen, ya kwashe zannuwan da aka kwana a kai, ya shimfiɗa sababbi, ya tattara abin da matafiya suka manta. Mutumin Damagaram ne, magana a wurinsa sai ka ce saye yake. Ni ƙanwarsa Maimouna, ni na kwashe surutun gidanmu duka.

Salwa ce 'yarsa ta fari, kuma tun ranar da aka raɗa mata suna bai taɓa furta shi ba. Haka muka taso, ɗan fari ana jin kunyarsa, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". A gida kowa ya san ƙauna ce. Amma Salwa a nan aka haife ta, tana jin iyayen ƙawayenta suna ƙwala musu kira a ƙofar makaranta. Uwarta Hawa ce ke ɗinke ɓarakar. Ko da Salwa ta yi aure ta koma Vénissieux a Lyon, ta wayar Hawa suke gaisawa: "Babanki yana tambayarki."

Hawa ta rasu a watan Oktoba. Yaya bai yi kuka ba. Bayan sadakar bakwai ya koma aiki, in an ba shi abinci ya ci, in ba a ba shi ba bai tambaya.

Da sanyi ya kankama, Salwa ta zo Paris da 'yarta Marwa mai shekara biyar, da tikiti huɗu na jirgin dare zuwa Briançon, can cikin duwatsu. Wai a fitar da Baba ya sha iska. A kicin ta gaya min gaskiya.

"Tanti, na gaji. Maman ba ta nan, babu mai fassara min shi. In muka je muka dawo bai kira sunana ko sau guda ba, c'est fini, shi ke nan, ba ni ƙara zuwa."

Ni ba na iya riƙe magana. Na same shi na zazzage masa tas, har da cewa nan ba Damagaram ba ce, kunyar da za ta raba ka da 'yarka ba kunya ba ce. Ya ce, "To." Haushi ya kama ni kamar in rufe shi da duka.

Ɗakinmu a jirgin gado huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa. Muna shiga Yaya ya dubi shimfiɗar ya ce wanda ya yi ta ba shi da hannu, ya warware ya sake. Muka ci dambun da na ƙunso. Sunan jikarsa kuwa bai bar bakinsa ba: Marwa zo, Marwa amaryata, Marwa kar ki faɗo. Salwa tana kallon taga, babu abin gani sai fuskarta.

Barci ya ƙi ni. Can wajajen Lyon, inda jirgin ya wuce bai tsaya ba, na ga Yaya ya tashi. Bargon Salwa ya zame, ya ja shi ya rufe mata ƙafa, ya cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Ya daɗe a tsaye a kanta, sannan ya koma ya kwanta. Idonta biyu, na gani.

Da safe muka iso, ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat. Ban ji komai ba, ko sanyin ma. Salwa ta kama hannun Marwa ta sauka ta yi gaba. Yaya ya tsaya dudduba gadaje yadda ya saba, sai ya fito da safar hannun Salwa guda biyu. Ta riga ta yi nisa cikin mutane, tana hura yatsunta.

Ya ɗaga safar sama. Ya buɗe baki, tururi ya fito, murya ba ta fito ba. Sai ya juyo gare ni.

"Maimouna, kira ta."

"Kira abarka, Yaya."

"Don Allah."

Tun da nake bai taɓa haɗa ni da Allah ba. Na ce, "Salwa!"

Ta juyo da sauri, fuskarta a sake. Ta dubi ubanta, ta dube ni, ta gane muryar wa ta ji. Ta dawo a hankali ta karɓi safar ta ce, "Na gode, Baba."

Kwana uku muka yi. Daga can ta hau jirgin rana da Marwa suka wuce Lyon, ni da Yaya muka dawo da na dare. Gado biyu babu kowa, amma sai da ya gyara su.