Kirya da Dashi

A unguwar Bani Malik ta Jidda muka tashi, kuma a shekarun nan ba mu da wata damuwa sai sandar buga ƙwallo. Mun ga yaran Filibin suna buga ƙwallo da sanda a fili, mu ma muka ce sai mun yi. Baba yana aikin dako a tashar jiragen ruwa, yakan kawo mana ragowar katakon akwatuna. Farin katakon ba ya jure bugu biyu, jan kuma nauyi kamar taɓarya. Shi ya sa muka sa wa sandar Kaka Dije ido, baƙa mai sheƙi, ta girmi Baba amma ko tsagewa babu.

Bayan magariba Kaka takan hau saman soro ta hura gawayi, tana soya gyaɗar da za ta kai kasuwar Bab Makka da safe. Muka zagaye ta, na kira ta yadda Larabawa ke kiran kaka, na ce, "Sitti, wane ice ne wannan da ba ya karyewa?"

"Sittin ubanka, Kaka nake. Ku matso, ga ta nan tana tafe."

Muka haɗa baki, "Yalla, ta iso!"

Wai ya da ƙanwa ne za su tafi Makka a ƙafa. Yar ta sari kirya, icen da gara ke gani ta kauce. Ƙanwar ta karyo ɗanyen dashi, wai ya fi sauƙin ɗauka. Aka yi ta yi mata dariya, don dashi ko yaro ya murɗa shi ya karye. Suka yi ta tafiya har bayan Chadi. A bakin wata rijiya ƙanwar ta gaji, ta kwanta. Aka kafa sandarta a ƙasa, da safe sai ga ganye. Ta ce, "Yaya, ki wuce, ni na samu inuwa." Yar ta dogara kiryarta har teku.

"Ƙurunƙus. Kowa ya ɓare gyaɗa."

Ni dai ban gamsu ba. Wa ya yi daidai? Ƙanwar ta biyo baya? Kaka ta ce yawan tambaya ke sa gyaɗa ƙonewa. Na yanke wa kaina hukunci cewa darasin shi ne a zaɓi ice mai ƙarfi.

Abu ɗaya ya ci gaba da ɗaure min kai. Duk lokacin aikin Hajji sai ta sa in raka ta bakin tasha, ta tare masu saukowa daga jirgin Sudan. "Bayin Allah, kun biyo ta wata rijiya mai dashi a gefenta?" Su dube ta, su wuce. Kunya takan kama ni.

Sai ranar da muka dawo daga binne Kaka, Baba ya miƙo min sandar. Ya ce labarin na Kaka ne, sunan ƙanwarta Hansai, zazzaɓi ya kashe ta a bakin rijiyar, ayari kuma ba ya jira. Kaka ce ta kafa dashin a kan kabarin da hannunta, don a duk sandunan ayarin shi kaɗai ne zai iya yin saiwa.

Na yi kuka ranar, har da na kunyar da na riƙa ji a bakin tasha. Sandar tana bayan ƙofata yanzu, ɗana ma ya fara sa mata ido. Kirya ce ta kawo Kaka Jidda, amma har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta tambayi kowa labarin kirya ba. So take kawai wani ya ce mata dashin ya kama.