Inna Dija da Aduwar Bakin Fadama

Kafin rana ta yi zafi Inna Dija ta riga ta zauna gaban dutsenta a Gummi tana fasa ƙwallon aduwa, da irin haƙurin da ni dai ban gada ba. Ta soya, ta daka, ta tatse mai. Man nan ba shi da nauyin man shanu. Kana shafawa fata ta shanye, ba maiƙo ba ƙarni. Masu aikin shinkafa da ruwan fadama ya tsattsaga wa ƙafa sun san ƙofarta, haka ma masu jego.

Rabin man nan daga wata babbar aduwa ta bakin fadama yake fitowa, kuma a shekarar fari saura ƙiris a rasa ta. Ciyawa ta ƙone, makiyaya suka koma sare rassa don dabbobi. Wata safiya Dija ta tarar da Modibbo, makiyayi daga wajen Bukkuyum, a saman itacen da gatari, ga rassan cike da fure.

"Ɗan nan, sauko," ta ce. "In ka sare huren ga, mi za mu tsinta?"

"Inna, shanuna na mutuwa. Wallahi ba ƙeta ba ta."

Ta dubi shanun, haƙarƙari duk a waje, tausayi ya kama ta. Ta ja shi har gida, ta nuna masa harawar da ta tara wa awakinta a kan rumfa.

"Kwashe duka, ka bar min iccena."

Maƙwabcinta Hayatu, wanda ya taya lodi, ya ce har gunaguni ya yi mata. Awakin suka rame, ta rabu da su kafin damina. Da aka zo yi mata jaje sai ta yi dariya: "Akuya kasuwa aka sayo ta. Wa ya taɓa sayo aduwa tsaye?"

Ke ce gatan marasa takalmi, Inna. Yanzu da hannu ya gaji kin miƙa wa jikarki Hasana dutsen, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu gatari, ku yi koyi da ita. Har yau gidanta babu akuya, amma a inuwar aduwar nan shanun Modibbo suke hutawa.